Daminar da Na Gyara wa Jikana Allunan Ƙanƙara

Har ƙasa ta rufe min ido ba zan taɓa mantawa da daminar da jikana Nafi'u ya ba ni ajiyar kayansa na wasan ƙanƙara ba. Ko yanzu in abin ya faɗo min ina cikin mutane, sai in ja mayafi in gyara zama, kamar wani ya ji abin da zuciyata ta tuno.

Bari in fara gaya muku ko ni wace ce, don ku san daga tsayin da na faɗo. A layinmu na Unguwar Sanusi, in aka ce ajiya, ni ake nufi. Ban taɓa shiga aji ba, ko sunana aka rubuta sai dai in kalle shi ya kalle ni. Amma mace za ta tafi Makka, ni za ta kawo wa akwatinta. Wata za ta je garinsu haihuwa, ni za ta kawo wa kwanukanta. Kuma ba a banza ba, don abin da ya shigo ɗakina da haskensa yake fita. Tukunya ta zo min baƙa ƙirin, ta koma mai ita tana ganin haƙoranta a jiki. Sannan in haɗa mata da faɗa a kan ƙazanta (wannan ba a roƙa, kyauta nake bayarwa). Wasu na taƙama da gwal, wasu da 'ya'ya a gidan gwamnati. Ni abin taƙamata a duniya magana ɗaya ce da mata ke yi: "Kai wa Hajiya, ba abin da zai same shi."

Shi Nafi'u ɗan 'yata ta fari ne, wadda ba na kama sunanta. Karatu ya kai shi wata ƙasar Turawa inda ƙanƙara ke zubowa kamar an zazzage buhun gari daga sama. Can ya koyo wani wasa, wai siki. Mutum ya hau kan dutse, ya ɗaura alluna biyu a ƙafa, ya sulalo ƙasa. Da ya yi min bayani na ce, "To in ka sauko sai me?" Ya ce sai ka sake hawa. Na ce Allah ya shirya.

Da ya gama makarantar farko sai ya saki ɗakinsa na can, ya kwaso komai ya dawo gida hutu, a kan zai koma wata makarantar in sanyinsu ya kama. Har an yi masa alkawarin ɗan aiki a kan dutsen, na riƙe wa yara hannu kada su faɗi. Gidan iyayensa da ke Tirkaniya yana yoyo, shi kuma zai tafi Abuja ya yi zaman koyon aiki har ƙarshen damina. To wa za a kawo wa kaya in ba ni ba?

A keke mai ƙafa uku ya kawo su, cikin wata baƙar jaka mai tsawon mutum, kai ya leƙo ta nan, ƙafa ta leƙo ta can. Maƙwabciyata Maman Ladi, 'yar Filato ce da ta yi aiki a masaƙar Kakuri kafin a rufe ta, tana ganin ana shigo da jakar ta dafe ƙirji ta kan katanga.

"Hajiya! Wa ya rasu?"

Na ce, "Hankalin jikana ne ya rasu, shigo ki yi min gaisuwa."

Ya zuge jakar a tsakar gida. Ga alluna biyu dogaye, sirara, hancinsu a ɗage kamar na kwale-kwale, gefensu da bakin ƙarfe mai kaifi. Ga sanduna biyu. Ga hular kwano. Ga wasu takalma na roba mai tauri, kowane ɗaya ya yi nauyin ƙaramin turmi. Duk wannan bai dame ni ba. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne da ya kifa allunan. Bayansu duk wani abu ne ya daskare, kauri guda, fari-fari, ya zubo har ya rufe bakin ƙarfen, kamar an kwana ana ɗiga kyandir a kai.

Na ce, "Maigida, wannan wace irin ƙazanta ce? Can ma ana ɗauke muku wuta ne?"

Ya yi dariya. "Amaryata, ba ƙazanta ba ce, haka ake ajiye su. Ke dai ki sa min su inda ba zafi, ba laima. Kada ki taɓa komai. Don Allah, Hajiya Kaka. Komai."

Na ce to. Amma ku sani, duk ƙazamin da na taɓa kamawa a rayuwata, abin da yake fara cewa ke nan: haka ake yi.

Wallahi na yi ƙoƙari. Na tura jakar ƙarƙashin gado na ce ba ruwana. Sai dai ko shara nake, in tsintsiya ta taɓa ta sai in ji kamar an tsikare ni. A ɗakina, ƙarƙashin gadona, a ce akwai datti ina sane? Gobe yaron nan ya koma ya buɗe jaka a gaban Turawa, su tambaye shi ina kayan suka yi hutu, ya ce wurin kakata? Su ce ashe haka matan Kaduna suke? Ai ba sunana kaɗai zai ɓaci ba, har na gari.

Wata safiya da rana ta ɗan leƙo, na jawo jakar waje. Binta, matar autana da muke gida ɗaya, tana wanke-wanke, ta ɗago kai a hankali.

"Hajiya, kamar na ji ya ce kada a taɓa."

Na ce, "Ke da tukunyarki ke kwana da ƙanzo, ke za ki koya min ajiya? Ɗora min ruwan zafi."

Ta ɗora. (Yarinya ce mai biyayya, Allah ya yi mata albarka. Da ta ɗan fi haka taurin kai da ta cece ni.)

Na sa wuƙa na kankare abin nan tas. Yana fita yana naɗewa kamar ɓawon rogo, ni kuwa daɗi na kama ni. Na bi da ruwan zafi da garin sabulu da soson ƙarfe, na dirje har sai da bakin ƙarfen ya koma kashe ido. Na shanya su a kan siminti cikin tsakiyar rana su gasu da kyau.

Na koma kan takalman. Ya ɗaure musu maɓallai duka, bakinsu a tsuke kamar an kai su kurkuku. Ta ina iska za ta shiga? Na ɓalle komai, na zaro soson da ke ciki na wanke, na wage musu baki na bar su haka su sha iska. A tsakiyar kowane allo kuma akwai wani ƙarfe da ke kama takalmi, na taɓa notinsa na ji sako-sako. Na ce ka ga sakaci, da wannan zai hau dutse? Na sa tsinin wuƙa na yi ta murɗawa har wuyan hannuna ya yi tsami.

A aljihun jakar na tarar da wani dunƙule ruwan ɗorawa, kamar sabulun wanki. Na jiƙa shi, na cuɗa, na cuɗa, ko alamar kumfa babu. Na ce an cuci yaron nan, sun ga baƙo sun sayar masa da jabu. Cikin haushi na gutsuri kaɗan na jefa a murhu, sai na ga gawayi ya kama nan take, ba fifita ba hura wuta. Na ce ashe kana da amfani. Na raba shi biyu, na miƙa wa Maman Ladi rabi ta kan katanga.

Ta juya shi a hannu. "Mene ne wannan, Hajiya?"

Na ce, "Sabulun Turawa ne da ya ƙi wanki. Ki riƙa haɗa wuta da shi."

Nawa rabin kuwa shi ya dafa mana tuwo a duk ranar da gawayi ya sha laima.

Amma babban aikin yana gaba. Da na kwantar da allunan a ƙasa sai na lura tsakiyarsu ba ta taɓa siminti, har hannu na shiga ta ƙarƙashi. Na ce shi ke nan, katako ya lanƙwashe, kamar yadda ƙyauren banɗaki ke yi in ya sha ruwa. Wannan kuwa na san maganinsa tun ina budurwa. Na sa Binta ta taya ni muka mirgino dutsen niƙa muka ɗora a kai, muka ƙara da buhun masara. Da na ga kamar bai isa ba, ni ma na hau kan buhun na zauna ina ɓarar gyaɗa. Ku hango ni, tsohuwa da carbinta a wuya, a kan buhu, a kan dutse, a kan alluna, fuska a murtuke.

Da aka kwana biyu muka sauke kaya. Allunan suka miƙe suka koma yadda suke, kamar ba da su ake ba. Na sake dannewa, suka sake komawa. Tunda uwata ta haife ni ban taɓa ganin abin da ya raina ni kamar katakon nan ba. Na sake yi musu wanka don huce haushi, sai ga hadari ya taso. Na yi maza na haɗe su na ɗaure tam da igiya, na nannaɗe da leda, na sake nannaɗewa yadda ko kyankyaso ba zai sami ƙofa ba. (Sun bushe? Sama-sama dai sun bushe.) Na jingine su a sito, takalman na gefensu baki buɗe.

Da na yi shiru da bakina, da abin ya tsaya tsakanina da jikana. Ina! Duk wadda ta shigo gaisuwa sai na ba ta labari. Na ba da shi a gidan suna, na ba da shi a wurin mai niƙa. Na ce Turawa sun iya ƙera jirgi amma ba su iya tsafta ba, sai da kayansu suka zo Unguwar Sanusi suka ga wanka.

Ana gobe zai tashi, da la'asar, matan layi suka taru a gidana ana yi masa guzuri. Wasu na dakan yaji, wasu na tsinke dambun nama, Maman Ladi na soya cincin. Nafi'u ya iso daga Abuja, ya durƙusa ya gaida iyaye, sannan ya juyo gare ni.

"Amarya, ina kayana? Ko kin sayar kin sayi goro?"

Na ce, "Zauna dai, miji marar tsafta. Yau za ka ga bambancin ajiya da jibgewa."

Na sa aka shimfiɗa sabuwar tabarma. Na ce kowa ta ajiye abin da ke hannunta. Har ɗan jawabi na yi, a kan cewa yaran yanzu sun yi boko amma ba su san soso ba, na kuma harari Binta don ta san da ita ma nake. Sannan na ɗauko ƙunshin da kaina na fara warware leda.

Wari ne ya fara fitowa, irin na tsumman da aka manta a bokiti. Na ce a raina ledar ce. Na ci gaba. Da na yaye ta ƙarshe sai kowa ta miƙo wuya.

Bakin ƙarfen nan da na bari yana kashe ido ya koma ja wur da tsatsa, tun daga hanci har wutsiya, kamar an tsamo kwanon rufi daga kwata. Bayan allunan ya bushe ya yi furfura, ga sawun soson ƙarfena rututu a kai. Ruwan tsatsa ya ɗiga a sabuwar tabarmata.

Na yi ta maza. Na ce, "Wannan laifin damina ne. Binta, kawo takalman, su kam ai sai dai a yi salati."

Ta kawo su tana riƙe da su nesa da jikinta. Bakinsu ya wage ya sandare a haka, kamar na wanda hamma ta maƙale masa. Na ɗauki ɗaya na zura hannu don in nuna wa jama'a yadda cikinsa ya yi tas. Sai na taɓa wani abu mai ɗumi. Mai laushi. Yana motsi.

Ihun da na yi, an ce har bakin titi an ji. Na yi jifa da takalmin, wata ƙatuwar ɓera ta yi tsalle ta bi ta kan ƙafar mai dakan yaji, 'ya'yanta jajaye suka zubo a kan tabarma. A gidana. Ni da nake bin maƙwabta ina leƙa musu bayan randa.

Maman Ladi ce ta fara magana. Ta ajiye matsami, ta tafa hannu.

"Barka, Hajiya, barka! An sauka lafiya. Yaushe ne suna?"

Shi ke nan gida ya rushe. Wata ta kwanta a kan turmi tana dariya, wata hawaye na zuba tana cewa a taimaka mata cikinta. Binta ta ruga kicin ta rufo ƙofa, wai hayaƙi ne ya shiga mata ido, amma ina jin yadda kwanuka ke girgiza.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Nafi'u ya tsuguna yana shafa bakin ƙarfen da yatsa, ya duba jan da ya shafo. Bai ce amarya ba, bai ce kaka ba.

"Hajiya, ina kakin da na zuba?"

Na ce, "Dattin? Na kankare."

Ya yi ajiyar zuciya, ya yi min bayani a hankali yadda ake yi wa ƙaramin yaro. Wai kakin nan da gangan ake narka shi a zuba da kauri in za a yi ajiya, shi ke hana ƙarfe tsatsa, ya hana bayan allo bushewa. Takalma ana barinsu a ɗaure don kada robar ta buɗe ta sandare. Notin nan shi ya sassauta shi da hannunsa don ƙarfen ya huta, kuma in an ɗaure shi ya wuce kima, mutum ya faɗi takalmi ba zai saki ba, sai dai ƙafa ta karye. Lanƙwasar kuwa, da ita aka ƙera su.

Binta ta leƙo daga kicin. "Ko da an ɗora dutsen niƙa ba ta fita?"

Ya kalle ta, ya kalle ni. "Dutsen me?"

Na ce mata ta koma ta duba miya.

Ya kwantar da allunan a ƙasa, ya danna tsakiya da tafin hannu, suka ɗago. Sai a lokacin ya yi murmushi. "Alhamdu lillahi. An sami abin da ya fi ki taurin kai a gidan nan." Ya ce tsatsar ba ta ci ciki ba, za ta gogu. Abin da ake buƙata a sake zuba kaki yanzu, kafin su sha laimar hanya. Ya zura hannu a aljihun jakar. Ya sake zurawa.

"Akwai wani dunƙule a nan."

Na kalli murhu. Murhu ya kalle ni.

Maman Ladi ta miƙe ta fita. Jim kaɗan ta dawo da wani abu a ƙunshe cikin tsumma, ta buɗe. Rabin nan ne da na ba ta, ko ƙwarzane babu. Matar da na sha yi wa gori a kan tana barin tsintsiya a ruwa.

Na ce, "Ba ki haɗa wuta da shi ba?"

Ta ce, "Ni, Hajiya? Abin da ban san kansa ba? Na ce bari in ajiye, wata rana mai shi zai zo."

Da mari ta yi min da ya fi sauƙi.

Aka aika Kakuri aka samo sanfefa wurin kafintoci. Na ce ba wanda zai goge tsatsar nan sai ni. Na zauna a ƙasa ina gogewa, mata na daka suna satar kallona. Aka zuba gawayi a dutsen guga, Nafi'u ya jira ya ɗan huce, ya riƙe min hannu muka manna kakin a jikinsa yana narkewa yana ɗiga. Haka na mayar da ƙazantar nan da hannuna, ɗigo bayan ɗigo, a gaban duk wadda na taɓa yi wa wa'azin soso. Ya mayar da notin inda yake. Ya matse takalman ya ɗaure, ya ce za su dawo hayyacinsu a hanya. Inda ɓera ta ci a soson ciki na yanki ƙyallen atamfata na yi masa faci. Da za a zuge jaka ya nannaɗe hancin allunan da rigunansa, ya cusa safa a tsakani kada su gogi juna. Ina riƙe da ƙullin yaji, na tsaya.

"Maigida, in sa a cikin hular kwanon, ko kada in taɓa?"

Ya ce, "Amaryata ta fara hankali. Sa."

Da sanyinsu ya kama ya turo hoto a wayar Binta, yana tsaye a kan farin dutse da yara kewaye da shi, ƙafafunsa biyu lafiya lau. Na yi sujada.

Sunana kuwa bai mutu ba, amma ya sami jela. Har yau ana kawo min ajiya, sai dai da sharaɗi. Ba a jima ba Maman Ladi za ta je gida bikin Kirsimeti, ta sa aka shigo min da keken ɗinkinta. Ta dafa shi, ta dube ni cikin ido, ta ɗaga murya yadda duk layi zai ji.

"Hajiya, man da ke jikinsa ba datti ba ne. Ni na sa. Ƙafarsa kuma haka aka yi ta."

Na ce, "Na ji."

Abin da na koya da tsufana shi ne, ajiya daban, wanki daban, kuma wani dattin mai shi ne ya sa shi da hankalinsa. Yanzu duk wadda ta kawo min kaya, kafin ta zauna nake tambayarta: a taɓa ko kada a taɓa? In ta ce kada a taɓa, sai in tura ƙarƙashin gado in riƙa share gefensa ina kau da kai.

Amma tsakanina da ku, maganar lanƙwasar nan har yanzu ban gamsu ba. Da an bar min su wata daminar, da buhu biyu, da sun miƙe.